Igiya Tsakanin Jirage Biyu

Ni na fara hango jirgin Wofa Bentsil. Muna dawowa daga kamun sadin, rana ta ɗan karkata, jirginmu ya cika da kifi har gefensa na neman shan ruwa. Ina zaune a baya riƙe da inji, aikina ke nan shekara goma sha tara, sai na ga wani baƙin abu can yamma da mu yana lilo wuri ɗaya. Jirgin da injinsa ke da rai ba ya irin wannan lilo. Da muka ƙara matsawa na ga an ɗaura riga a kan gora ana kaɗawa.

"Bosun," na ce, "ga wani can injinsa ya mutu."

Ato Eshun, bosun ɗinmu, wato shugaban jirgi, ya kare idonsa da hannu ya duba. Ya daɗe yana dubawa fiye da yadda ake bukata, don kowa a bakin ruwanmu ya san wannan fenti ja da shuɗi. Mu goma sha ɗaya ne a jirgin, duk muka zuba wa Ato ido. Har Tawiah, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana cin dokunu, ya yi tsit.

Wofa Bentsil wan mahaifiyar Ato ne, shi ya sa yake ce masa Wofa, wato kawu a yarenmu, mu ma duk muka ɗauka. A hannunsa Ato ya tashi, a jirginsa ya yi shekara ashirin da biyar, kuma shi ne zai gaje shi, don a al'adarmu ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu. Shekara guda kafin wannan rana, da Ato ya ce yana so ya sa nasa jirgin a ruwa, tsohon bai kira shi ɗaki ba. A wurin ɗinkin taru ya amsa masa, gaban maza da mata: "Kai? Tun da aka haife ka a kan tolayin ɗina kake. Ranar da na sake ka, ko hanyar gidanku ba za ka gane ba."

Tolayin kalmar Turawa ce, kakanninmu suka kwaso ta daga manyan jiragen Takoradi. Igiya ce mai kauri da ake jan mataccen jirgi da ita. Amma kalmar ta daɗe da hawowa tudu. Mutumin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, wanda sai an yi gaba yake bi, shi ake ce wa yana kan tolayin wani, kuma gara a zagi uban mutum da a faɗa masa haka a bainar jama'a. Ato ya miƙe. Ya ajiye allurar ɗinki ya tafi, ni da mutum uku muka bi shi. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

"Juya," in ji Ato.

Na juya. Ba wata shawara a nan, ba a wuce mataccen jirgi a teku ko na wane ne. Abin da ya dame ni shi ne kudu. Sama ta yi baƙi ƙirin daga can, iska ta sauya ta yi sanyi, man da ya rage mana kuma bai kai galan biyu ba.

Kwamena Otoo ne ya fara magana da muka iso. Shi ne mai injin tsohon, abokina tun muna wanka tsirara a bakin ruwa. Hannunsa ya yi baƙi da mai har gwiwa.

"Ekow Badu!" ya ƙwala mini. "Kallo ka zo ko aiki?"

"Na zo in ga gwanin inji yana kaɗa riga," na ce. "Me ka yi masa?"

"Ni? Shi ya yi mini. Tun hantsi nake roƙonsa, har sunan uwarsa na kira."

"Ku dai ce kun gaji da kifi kuna shan iska," in ji Tawiah. "Ai da kun faɗa da mun kawo muku tabarma."

Aka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Su tara ne a jirgin, angarsu, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ta tsinke tun da rana, ruwa na jansu a hankali zuwa duwatsu. Tsohon yana zaune a goshin jirgi da malafarsa, yana kallon teku kamar ba mu zo ba.

Ato da kansa ya ɗauko igiyar ya wurga. Ta faɗi daidai ƙafar tsohon. Ya dube ta, ya ƙara dubanta.

"Wofa, ɗaura," in ji Ato. Maganarsu ta farko ke nan cikin shekara guda.

Tsohon ya ɗaura da hannunsa. Sannan ya zaro wuƙarsa daga ƙugu ya kafa ta a katako kusa da ƙullin, kowa na gani.

Haka muke yi. Igiya ta mai ja ce, amma wuƙa ta wanda ake ja ce. In abu ya ɓaci, in ya zama jirage biyu za su halaka maimakon ɗaya, wanda ake ja shi zai yanke, don ransa ne, shi ya san lokacin da zai bayar da shi. Mai ja ba ya taɓa igiyar. Wanda ya yanke daga gaba ya gama da teku, ba mai sake ɗaukarsa, ba mai sake shiga jirginsa, matan bakin ruwa ko kifinsa ba za su taɓa ba. Kuma abin ba ya ɓoyuwa. Igiyar gaba arba'in ce, duk jirgin da aka samu doguwar igiyar a jikinsa, to ɗaya jirgin ne ya yanke.

Na ɗaure namu ƙarshen a katakon da ke bayana, na ba inji wuta. Awa ta farko mun tafi lafiya, sai dai a hankali ƙwarai, injina na gurnani yana jan jirage biyu maƙare da kifi. Har mun fara ganin itatuwan kwakwar garinmu sai iskar ta cim mana. Ruwan sama ya sauko a kwance, yana dukan fuska da zafi. Teku ta tashi. Duk lokacin da raƙumin ruwa ya ɗaga mu ya sauke su, igiyar sai ta miƙe ta fizgo mu baya, in ji katakon yana kuka a bayana.

"A zubar da kifin," in ji Ato.

"Bosun, duka?" in ji Tawiah. "Kifin da muka sha wannan wahala a kansa?"

"Ka ji ni."

Suka shiga kwasa da kwanduna suna zubarwa. Na waiwaya na ga mutanen tsohon ma suna yi. Jirgin ya ɗan yi sauƙi, amma ruwan da ke shigowa ya maye gurbin kifin nan da nan, mutum shida suka koma kwasar ruwa da bokitai.

Bakin ruwan garinmu ba a shiga shi sai ta Maƙogwaro. Tsaga ce tsakanin layin duwatsu biyu, faɗinta bai wuce jirage uku ba. A ranar da teku ke kwance, da ido rufe zan wuce ta. A rana irin wannan kuwa, sai bosun ya tsaya a goshin jirgi yana karanta raƙuman ruwa, ya zaɓi babba guda, ya sauke hannu, mai inji ya buɗe wuta duka a hau bayan raƙumin ya kai ka ciki. Gudu ake bukata, kuma jirgin da ke jan wani ba shi da gudu.

Ato ya tafi goshi. Aka bar ni ni kaɗai a baya, ni da inji da igiya.

Ya sauke hannu, na buɗe wuta. Muka fara hawa, sai igiyar ta miƙe, raƙumin ya wuce ta ƙarƙashinmu ya bar mu a rami. Na baya ya zo ya buge mu a gefe. Na juya da ƙyar muka koma waje. Muka sake gwadawa, wannan karon har na ga gansakuka a jikin dutsen hagu, kusa da mu kamar in miƙa hannu. Na sake fitar da mu, ban san ta yaya ba.

Mutanenmu suka fara ihu suna fuskantar baya. "Wofa, yanke! Yanke mana!"

"Ku rufe mini baki!" in ji Ato. "Ba a roƙon mutum ya yanke!"

"Bosun, tsohon nan so yake ya tafi da mu duka!" Tawiah ne, kuma ba wasa a muryarsa. "'Ya'yana huɗu!"

"Duk wanda ya taɓa igiyar nan sai na jefa shi teku da hannuna. Ekow, mai fa?"

Na girgiza galan ɗin. Ko ƙarar kirki bai yi ba.

"Sau ɗaya," na ce. "In ya kai."

Ba mu da damar tsayawa a waje mu jira iska ta kwanta. Inji na mutuwa, mu da su duk duwatsu za mu nufa, mutum ashirin. Na waiwaya. Ruwan sama ya ɗan tsaga, na hango tsohon a tsaye, malafarsa ta tafi, hannunsa ɗaya riƙe da gefen jirgi, wuƙar tana nan kafe inda ya kafa ta. Haushi ya turnuƙe ni. Na ce a raina girman kai ne, ba ya so a ce ya sadaukar da kansa don yaron da ya raina. Na ji haushin Ato ma, wanda ya gwammace mu mutu da a ce ya saki kawunsa. Yau na san tsohon yana da mutum takwas a bayansa, ba anga, ba inji, kuma yana ganin ko a karo na uku za mu wuce tare. A lokacin ban ga wannan ba. Matata na gani, da ɗakinmu, da 'yata da ke jiran haihuwa.

Babban raƙumi ya taho. Ato ya ɗaga hannu, ya riƙe, ya riƙe, ya sauke. Na buɗe wuta har ƙarshe. Muka hau. Igiyar ta miƙe, gindin jirgin ya nutse, ruwa ya kwararo ta bayana har cinya. Inji ya yi tari, ya sake yin tari. Kowa kansa na sunkuye yana kwasar ruwa, Ato ya ba ni baya, ruwan sama ya rufe komai.

Na zaro wuƙata. Sau uku na ja ta, a na uku igiyar ta tsinke da kanta ta bi ruwa.

Jirgin ya zabura gaba, har wasu suka faɗi.

"Ya sake mu!" na yi ihu. "Wofa ya yanke!"

Ban shirya wannan maganar ba, fitowa kawai ta yi. Na kwance guntun da ya rage a katako na cilla teku, na ɗaga murya na ce na jefar da igiyar kada ta naɗe farfela. Duwatsu suka wuce mu dama da hagu. Inji ya mutu muna cikin ruwan gida, raƙumin ya ƙarasa da mu har yashi.

Jama'ar gari duk suna bakin ruwa, ruwan sama na dukansu. Aka ja jirginmu sama. Ato bai tsaya ba, ya shiga neman mai yana cewa a tura shi ya koma, sai da maza huɗu suka riƙe shi. Yana kuka yana gaya wa kowa: "Ya yanke. Don mu ya yanke. Ni kuwa shekara guda ban gaishe shi ba."

Nana Arhin, sarkin masunta, ya tura mutane su bi gaɓa zuwa gabas, inda ruwa ke kai abin da ya ɗauka. Mu sauran muka tsaya jira. Mata suka kawo mini ruwan zafi da zane, suna sa mini albarka, wai hannuna ne ya shigo da 'ya'yansu gida. Na karɓa, na kasa sha.

Wannan jiran shi ne abu mafi muni da na taɓa yi a rayuwata, ya fi yankan igiyar muni. In sun mutu, ni na kashe mutum tara, cikinsu har da Kwamena. In sun rayu, za su zo da gaba arba'in na igiya ɗaure a goshin jirginsu, kowa ya gani. Na buɗe baki in roƙi Allah ya fitar da su, sai na ji wani gefe na zuciyata bai ce amin ba. Na ji kunyar kaina, amma gefen nan bai sauya ba.

Wajen ƙarfe biyar ruwan ya tsagaita. Sai ga mutane tafe ta gaɓar gabas, a ƙasa, a hankali. Na ƙirga. Takwas suna tafiya da ƙafarsu, tsohon a gaba. Na tara an ɗauko shi a kan wani faffaɗan katako mai fenti ja da shuɗi.

Sun tuƙa da filafili har suka kauce wa manyan duwatsu, amma jirgin ya kife a bakin gaɓa ya farfashe. Injin da ya ƙi tashi tun hantsi shi ya faɗo wa Kwamena Otoo a ka.

Ban iya matsawa kusa ba. Daga inda nake na ga hannunsa yana reto a gefen katakon, har yanzu da baƙin mai a farcensa. Matarsa, Aba, ta faɗi a kansa, kukanta ya cika bakin ruwan.

Ba a watsewa sai an yi tambaya. Nana Arhin ya buga sandarsa a yashi, aka yi shiru.

"An ba da igiya, igiya ta rabu," ya ce. "Wa ya raba ta?"

 Na duba hannun mutanen tsohon ina neman naɗin doguwar igiya, ban gani ba. Tsohon ya matso gaba. Ya tsufa da shekara goma tun rana. Ya dubi Ato, ya daɗe yana dubansa, sannan ya buɗe hannu. Guntun igiya ne, bai fi kamu ɗaya ba, da ƙullinsa, an yanke shi tsaf.

"Ni na yanke," ya ce.

Mutanensa bakwai duk suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ɗago. Nan na gane abin da ya faru. Ya jawo igiyar duka daga ruwa, ya ga inda wuƙa ta bi, ya yanke nasa ƙarshen ya bar wa teku sauran, ya kuma rantsar da su kafin su iso. A ganinsa kuwa, Ato ne ya sa aka yanke.

"Ekow Badu," in ji Nana Arhin, "ina sauran igiyar?"

"Na jefar, Nana," na ce. "Saboda farfela."

Ya gyaɗa kai. Maganar ta ƙare ke nan, ba laifi a kan kowa.

Amma ba ta ƙare wa Aba ba. Ta tashi daga kan gawar mijinta ta yi kan tsohon, ta cakumi rigarsa tana dukan ƙirjinsa da hannu biyu.

"Kai ka kashe shi! Kai ka tsufa ka gaji da duniya, shi ya ce maka ya gaji? Ka tambaye shi kafin ka yanke? Ka tambaye ni?"

Bai kare kansa ba. Ya tsaya tana dukansa har mata suka janye ta. Ina tsaye taku biyar daga wurin, da zanen da aka lulluɓa mini.

Ato ya ratsa mutane ya zube a gabansa, ya riƙe ƙafafunsa biyu.

"Wofa, ka yafe mini. Ka ba mu ranmu, ni da mutanena. Duk abin da ka ce a kaina gaskiya ne. Ka yafe mini, Wofa."

Mata suka fara sharar hawaye, suna cewa ga shi Allah ya shirya su. Tsohon ya sunkuya kamar zai ɗaga shi. Na matso in taimaka, shi ya sa na ji abin da ba wanda ya ji sai ni da Ato.

"Abin da na yi yau, don uwarka na yi shi, ba don kai ba," ya ce a hankali. "Sakar mini ƙafa. Kada ka ƙara kirana Wofa."

Ya zare ƙafafunsa, ya bi bayan masu ɗauke da gawa.

Ato ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, ni ya gani.

"Ekow, me na yi masa? Na ja shi iya ƙarfina, kai shaida ne. Me kuma na yi?"

Jama'a ba su gama watsewa ba. Nana Arhin yana nan, Aba tana nan, tsohon bai yi nisan da ba zai ji kira ba. Kalma uku ce kawai, "Ni na yanke," kuma tana kan harshena.

"Gajiya ce, bosun," na ce, "da baƙin ciki. Ka bar shi zuwa gobe."

Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Tsohon ya yi shekara shida bayan wannan, bai sake ce wa Ato ko sannu ba har ya mutu. Ni ne dai mai injin Ato har yau, kuma wani lokaci in mun yi nisa cikin teku, yakan zo baya ya zauna kusa da ni ya sake tambayata me ya yi wa kawunsa.